Kawu, Ka Bari A Sallami Zayd

Withington, Manchester

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Mero da dukan mutanen gida. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Matata Batulu na ta fama da aikin asibiti, 'yarmu Hanan kuma Turanci ya cika mata baki, Hausarta sai a hankali.

Kawu, na ɗauki waya sau da yawa in kira ka, sai nauyinka ya hana ni, shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba ta da ido. Hotonta zan turo maka ta waya don ta iso da wuri. Ka tuna lokacin da na gaya maka za a rufe siton da nake aiki a Cheetham Hill, saboda harajin kwastan ya sa shigo da kaya ya daina kawo wa kamfanin riba? Ka ce kada in yarda a ce an kore ni, a zuriyarmu ba a taɓa korar kowa ba, in ajiye aikin da kaina in fita da mutuncina, kamar yadda ka yi a masaƙa. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Har sabuwar riga na sa ranar da na je wurin manaja. Matar ta tambaye ni ko na tabbata, ta sake tambaya, ni kuwa ina ta murmushi kamar ango.

Ashe a ƙasar nan wanda aka sallama shi ne mai gata. Da aka rufe siton, abokan aikina suka karɓi kuɗin sallama, aka kuma sa su a wani shirin tallafi na waɗanda rufewar ta shafa, ana koya musu sabuwar sana'a. Na bi sahu na je ofishin neman aiki. Tun a hanya fargabata ita ce kada a ce shirin na ma'aikatan masana'anta ne kawai, ban da mu masu jidar kwali. Ma'aikaciyar ta ce a'a, 'yan sito ma suna ciki, amma ban da wanda ya ajiye da kansa. Prosper, wani ɗan Ghana da muke loda kwantena tare, yana zaune a bayana, ya ji komai. Bai yi mini dariya ba, kuma da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Yanzu yana koyon tuƙin babbar mota. Ni kuwa ina gida da mutuncina, Batulu ke ciyar da mu, ranar Juma'a kuma ina riga kowa fita daga masallaci don kada likitoci 'yan ƙasarmu da ke nan su tambaye ni ya aiki.

Wallahi ba don in ɗora maka laifi na rubuto ba. Ka faɗi abin da ka sani ne, ni da ke zaune a ƙasar ni ya kamata in yi tambaya. Abin da ya tilasta mini buɗe baki shi ne ɗanka Zayd. Na je wurinsa a Birmingham makon jiya, ya ce reshen kamfanin da yake aiki ma rufe shi za a yi kafin azumi, kuma ka riga ka ba shi umarnin da ka ba ni. Na zayyana masa duk abin da ya same ni, abin da ko Batulu ban gaya wa dalla-dalla ba. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce ya gane, amma ba zai saɓa wa maganar mahaifinsa ba. Matarsa Su'ad ga tsohon ciki, ga kuɗin haya ba ya jira. Ranar Litinin yake shirin ganin manajansu.

Ban taɓa ce maka ka yi kuskure ba, kuma ina rubuta wannan ina jin kamar in nutse don kunya. Amma maganata ba za ta tsayar da shi ba, sai taka. Don Allah, Kawu, ka kira shi kafin Litinin, ka ce ka yarda a kore shi. In mutanen gida sun tambayi wa ya jawo aka fara korar ɗan zuriya, ka ce ni ne na roƙe ka.

Ka gaishe mini da Inna Mero, da Yaya Sunusi, da Khairat da yaranta. Batulu da Hanan suna durƙusawa da gaisuwa.

Naka mai biyayya har kullum, ban da yau,
Junaidu