Ido Ɗaya Ya Rage Mini, Maigida Ya Kulle Littattafan

Anti Rabi, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa damuwata bai yi mini dariya ba.

Ni haifaffiyar Agege ce, na haura sittin. Daga aji biyu na sakandare na bi mahaifiyata kasuwar Idumota sayar da atamfa, kuma a can ƙuruciyata ta ƙare. Kullum in fita da asuba, in dawo cikin motar haya ta danfo a gajiye, ko jarida ban taɓa kai ƙarshenta ba. Ina da aminiya, Badiyya, malamar makaranta. Ita ta rubuta mini sunayen tsofaffin littattafan da ta ce bai kamata mutum ya bar duniya bai karanta ba, yawancinsu na Hausa. Muka yi alkawari in na bar kasuwa za mu riƙa zama a barandarta muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda za shi Kano ko Zariya sai na ba shi sautu, har na cika akwati.

Bara na bar wa ɗana shagon. Ba a jima ba Badiyya ta kwanta ciwo, Allah Ya karɓi abarsa. Bayan arba'in na buɗe akwatin, na ce ko ni kaɗai sai na cika alkawari. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Hausarmu ta Legas ce, rabi Yarbanci rabi Turanci, sai in ci karo da kalma in rasa wa zan tambaya. Ina cikin wannan fama likita ya ce ina da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kamar mai leƙe ta kafar makulli nake gani da shi. Ya ce magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Tun ranar maigidana, Alhaji Bature, ya kulle akwatin ya jefa makullin a aljihu. Ya ce karatun ne ke cinye mini ido, kuma mace mai shekaruna carbi ya kamata a gani a hannunta. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ko rubu'in littattafan ban taɓa ba, Anti, ga gani yana ƙarewa kullum, ni kuma ina zaune ina kallon bango da shi. In fasa akwatin ne, ko in kyautar da su in haƙura cewa na makara?

Mai Sauran Ido Ɗaya, Agege

Hajiya, Allah Ya jiƙan Malama Badiyya, Ya ba ki lafiya.

Ba zan rufe ki ba, da wuya ki gama abin da ke cikin akwatin nan da idonki. Gara ki san haka yau, ki daina auna kanki da jerin sunaye. Aminiyarki ta rubuta shi ne domin mutum biyu masu ido huɗu, kuma zaman barandar take so, littattafan dalili ne. Alkawarin bai zama bashi a wuyanki ba.

Kada ki fasa akwati. Alhaji bai kyauta ba da ya yanke hukunci shi kaɗai, maganar carbin nan ma ta yi kaushi, don karatu bai taɓa hana tasbihi ba. Amma ki duba ta ɓangarensa. Mutum ne yana kallon matarsa tana makancewa, ba shi da abin da zai iya, sai ya kama abin da hannunsa ya kai. Tsoro ne ya zo masa da kamar iko.

Ranar komawa asibiti ki tafi da shi, ki tambayi likita a gabansa ko karatu na ƙara ciwon. Abin da likita ya faɗa shi za ku bi ku biyu. Kada kuma ki yi wasa da maganin ɗigawa ko sau ɗaya.

In an buɗe akwatin, ki zaɓi uku kacal, waɗanda Badiyya ta fi yawan ambata. Ki karanta da rana, a inda haske yake, gwargwadon abin da idon zai ɗauka. Kalmar da ta gagare ki, ki tambayi matan da suka taso a Arewa, ai Agege ba ta rasa su ba. In kin gaji, ki miƙa wa Alhaji littafin ki ce tunda shi ke tsaron idon, to ya ara miki nasa. Yana iya ƙi. In ya ƙi, ki nemi wata a unguwa ta riƙa karanta miki, ki fara saba wa kunnenki tun yanzu, domin ranar da za ki dogara da shi kaɗai tana iya zuwa.

Ganin da ya rage miki kuwa, kada ki ƙarar da shi duka a kan takarda. Ki kalli fuskar jikokinki da kyau, ki kalli ta Alhaji ma.

Allah Ya tsayar da ciwon inda yake, Ya sanyaya zukatanku.

Anti Rabi