Bajamushiyar Kasuwar Zhanxi

Daren Talata, Guangzhou

Barci ya ƙi zuwa. Yau ina yi wa Kawu Sani tafinta a kasuwar takalma, muka zauna da wata tsohuwar Bajamushiya da ta rako 'yarta sari. Ta ce a ƙasar Czech aka haife ta, aka kore su tare da sauran Jamusawa bayan yaƙin duniya na biyu. Yanzu duk shekara tana komawa, masu zama a tsohon gidansu su ke sauke ta.

Ni mai digirin tarihi sai na ce, "Ai Jamus ce ta fara mamaye ƙasar Czech."

Ta ce, "Gaskiyarka, ɗana. Shekarata biyar lokacin."

Kawu ya ce, "Kai, me ka gaya wa baiwar Allah ta yi shiru?"

Na ce masa zancen takalma ne.