Jar Rigar Ganguna a Bakin Taga

Litinin, 3 ga Maris

Duk wanda hannunsa ya kai ga littafin nan wata rana, ya yi haƙuri da ni, ban rubuta don in ɗora wa kowa nauyi ba. Bakina ne ba ya iya faɗa.

Yau aka fito da gangunan Maigida daga sito. Sista, wadda ke zuwa daga asibiti tana motsa masa gaɓoɓi, ita ta ce a ajiye su inda zai riƙa ganinsu. Wai mutumin da ya yi shekara talatin yana kaɗa wa mawaƙa a otal-otal, in akwai abin da zai sa hannunsa ya so tashi, to su ne. Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana babu, sai gurnani daga maƙogwaro, ni kaɗai ke gane abin da yake nufi.

Guda biyar ne: babba wadda ake bugawa da ƙafa, ƙanana biyu a kanta, ta gefe, da 'yar siririya mai ƙarar tsiya. Kowacce an naɗe katakonta da jar leda mai kauri mai ƙyalli, shi yana ce mata riga. Maƙwabta suka shigo da su, suka ce ina za a sa. Sista ta nuna bakin taga. Ba ni na nuna ba. Ba a kuma tambaye ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Rana tana shigowa ta tagar daga azahar har bayan la'asar. Na ɗage labule. Mara lafiya yana bukatar haske, Sista da bakinta ta faɗa.

Shekara ashirin da bakwai ina shan karatun nan: kada rana ta taɓa rigar, kada a jingina ta da bangon kicin, kada a bar ta a but ɗin mota. Zafi yana sa ledar ta tsuke, katakon kuwa yana nan yadda yake, sai ta ja, ta ɓalle daga inda bakunanta biyu suka haɗu, ta tsage a gindin ƙarafuna. Na haddace shi kamar karatuna na ƙuruciya. Da hasken ya sauka a kan babbar, Maigida ya dube ta, ya dube ni. Na gyara masa matashi.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta bugo waya. "Umma, Allah ya saka miki. Da wata ce, da tuni ta gaji da Baba." Na ce amin. Na kara masa wayar a kunne, ya yi ta gurnani, idonsa a kan taga. Ta ce, "Me yake cewa?" Na ce, "Gangunansa yake nunawa." Gaskiya na faɗa. Yarinyar har da kukan daɗi.

Talata, 11 ga Maris

Haɗin rigar babbar ya ɗago, kamar farce. Ban taɓa ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Mai Jita ya zo dubiya, tsohon abokin kiɗansa, da bakin nan nasa da ba ya hutawa. Tun daga ƙofa: "Malama, har yanzu ana nema mana shiriya?" Maigida ne ya laƙaba mini Malama, a gaban abokansa, don a yi dariya, sunan ya bi ni. Na ce, "Ana nema, ku ne dai kuka toshe kunne."

Yana shiga ɗakin ya dafe ƙirji. "Kai! Oga, wa ya shanya maka su a rana kamar wanki? Malama, wannan ai kisan kai ne!" Ya tsuguna ya shafa haɗin, ya ce har yanzu da sauran dama, bakunan suna iya kamo juna. Zai dawo da gam da bel, ya ɗaure ta kwana biyu a inuwa, shi ke nan.

Na ce, "Ka san Oganka. Ya taɓa yarda wani ya taɓa masa ganga?"

Ya tuntsire da dariya. "Wallahi! Ni da na jingina jita a jikinta sai da ya yi wata bai amsa gaisuwata ba." Maigida yana ta gurnani, jijiyar wuyansa ta fito. Mai Jita ya ɗaga hannu biyu: "Na ji, Oga, na ji, ban taɓa ba, kar ka tashi ka mare ni."

Kafin ya fita ya ja labulen da kansa. Bayan tafiyarsa ɗakin ya yi duhu, ba na ganin rubutun jikin magani, na ɗage. Na so in rubuta cewa na manta ban mayar ba. Ban manta ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ba na son tuna wannan, amma tun safe yake bi na.

Ranar da aka aiko cewa jikin Inna, mahaifiyata, ya rikice, na riga na sa mayafi, takalmi ɗaya a ƙafa. Shi kuma yana da wasa da yamma, haɗin babbar ya ɗago, ya shafa gam, ya nemi abin ɗaurewa bai samu ba. Ya ce, "Malama, zo ki riƙe. Yatsun da suka saba da carbi ai ba sa gajiya." Na ce, "Inna fa." Ya ce, "Innar da ta yi wata uku tana mutuwa, awa ɗaya ce za ta gagare ta?"

Na riƙe. Manyan yatsuna biyu a kan haɗin, shi yana yi wa rigar da zai sa guga a gefe yana fito. Duk lokacin da na sassauta sai ya ce, "Danna." Da na isa ta riga ta cika, an lulluɓe ta. Na buɗe fuskarta na shafa, gashin goshinta ya manne a gam ɗin da ke yatsana.

Na yafe masa. Na faɗa a sujada a ranar, shekara goma sha tara kuma ina maimaitawa. Astagfirullah.

Juma'a, 21 ga Maris

Ƙananan biyun sun fara tsagewa a gindin ƙarafuna, siri-siri kamar faso. Ina shara na tsinci wani ɓalli ja, faɗin tafin jariri. Kayansa ne, ba ni da ikon zubarwa. Na goge shi na ɗora masa a kan tire, kusa da kofin shayi.

Bai sha shayin ba.

Litinin, 24 ga Maris

Sista tana ta murna. Hannunsa na hagu ya yi ƙarfi, yana ɗaga shi har kafaɗa, yana miƙawa wajen durowa. "Mama, kin ga dabarata? Wata biyu ina lallashin Baba ya ɗaga hannun nan, ashe ganguna yake jira!" Ta ce in ya ci gaba haka za su gwada tsayar da shi da sanda kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ta ce duk abin da ya nuna yana so a ba shi, kada a kashe masa gwiwa.

Gwangwanin gam ne a durowar. Na sani, shi ma ya san na sani.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ba shi abin da yake so.

Na kwance ɗaya daga cikin ƙananan, na shimfiɗa masa tawul a cinya, na ɗora ta. Na kankare tsohon gam ɗin da wuƙa yadda ya koya mini, na shafa sabo, ba yawa, har lungu. Aiki mai kyau na yi, Allah ya gani. Sai dai rigar ta riga ta tsuke. Tsakanin baki da baki akwai fili ya kai faɗin yatsa, farin katako a waje. Sai an ja da hannu ɗaya a danne da ɗaya, kuma ko hakan ba lallai ba.

Na ɗauki hannunsa na hagu na ɗora a kan haɗin. Na ce, "Riƙe har ya kama."

Ya dube ni. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce, "Awa ɗaya ce." Aka kira la'asar, na tafi.

Na yi alwala a nutse. Na karanta doguwar sura a raka'ar farko, wata doguwar a ta biyu. Ta bango ina jin numfashinsa, ina jin ledar tana ɗan ƙara duk lokacin da ta zame masa, ya sake ja. Na idar, na zauna lazimi, ban tsallake ko ɗaya ba. Can na ji gangar ta faɗi ta gangara har ta bugi ƙofa.

Da na shiga, rigar ta dare daga sama har ƙasa, rabinta na hannunsa, manne da yatsu. Yawu ya jiƙa masa ƙirji, hawaye har cikin kunne. Ya kuma ɓata shimfiɗa. Na kawo ruwan ɗumi na wanke shi tas, na cire masa gam ɗin da mai, yatsa-yatsa, a hankali, don kada fatar ta ɗaye. Na canza zanen gado. Na ce, "Sannu."

Na ci abinci sosai yau. Har da ƙari.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kwana shida fuskarsa na bango. Sista ta ɗaga hannun, ta saki, ya faɗi kamar tsumma. Ta yi masa wasa, ta yi masa faɗa, ko ƙifta ido. Cokali uku yake karɓa ya rufe baki.

Ta ja ni falo. "Mama, wani abu ya faru ne?" Na ce, "Ya gwada gyara gangarsa, bai iya ba." Ta dafe kai ta ce laifinta ne, ita ta sa aka fito da su, ita ta ce a ba shi abin da ya nuna. Ta ce maganar sanda a bar ta tukuna, ba ta san ko har yaushe ba. Har tana ba ni haƙuri.

Na bincika maganata kalma-kalma bayan ta tafi. Babu ƙarya a ciki.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na sauke labule tun kafin azahar. Zafi ne ya yi yawa. Na kuma janye gangunan zuwa kusurwar da rana ba ta kaiwa, ni kaɗai, har bayana ya riƙe. Don shara ne, ƙura tana taruwa a ƙarƙashinsu.

'Yar siririyar nan ce kaɗai rigarta ba ta tsage ba. Na goge ta. Ban san me ya kai ni ba, na ɗauki sandar kiɗansa na buga mata sau ɗaya. Ban taɓa yi ba a rayuwata. Ƙarar ta cika ɗakin har kofi ya motsa a kan tire. Da can, da tuni unguwa ta ji muryarsa. Na tsaya da sandar a hannu ina jira ya juyo, ya harare ni, ya yi duk abin da zai yi.

Na sake bugawa, da gangan, a karkace, yadda na san ba ya so.

Na zagaya ta wajen bango na durƙusa daidai fuskarsa. Idonsa a buɗe yake, amma ba ni yake kallo ba. Na ce, "Baban Auta, ni ce. Ka ji na taɓa maka ganga?" Na ce, "Ka amsa mini mana. Don Allah kar ka daɗe."