Ramewa Na Yi, Ban Ƙare Ba: A Mayar da Sunana Layin Lodi

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta matuƙan jiragen fasinja, da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ni ne Garba Ɗan'inna, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana ɗaukar fasinja tsakanin Yelwa da Wara, wanda kuma kuka cire sunansa daga layin lodi yau wata uku. Sau uku ina zuwa gidanka, Alhaji, da takardar likita a aljihuna. Kullum a ba ni kujera da ruwan sanyi, a ce in yi haƙuri, takardar kuwa ba wanda ya buɗe. Tun da a gaban jama'a aka yanke mini hukunci, a gaban jama'a zan ba da amsa.

Na farko. Ba na ɓoye abin da ya same ni. Bara cikin Shawwal, ranar kasuwa da hantsi, jirgina ya cika, ina shirin tayar da inji sai na ji kamar an aza mini buhun shinkafa a ƙirji. Ciwo ya bi hannun hagu ya hau muƙamuƙi, gumi ya karyo mini. Ban ce bari in daure in ƙetare ba. Na sauke fasinjana ɗaya bayan ɗaya, na sa su a jirgin abokina Bitrus, sannan na zauna a ƙasa. Ko takalmin mutum ɗaya bai jiƙe ba. Wannan ina alfahari da shi, kuma zan ci gaba da yi.

Na biyu. A babban asibiti a Sakkwato aka gano jijiyar zuciyata ce ta toshe, aka buɗe ta. Kafin a sallame ni, likitar zuciya ta zaunar da ni da matata Hajara ta yi mana bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce akwai yadda suke auna haɗarin sake bugun zuciya ga wanda ya taɓa yi. Ba fuska suke kallo ba. Suna haɗa shekarun mutum da hawan jininsa da saurin bugun zuciyarsa, da aikin ƙodarsa, da suga da kitsen da ke cikin jini, da ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi a hoto. A lokacin ta ce nawa haɗarin ba kaɗan ba ne, kada in kusanci inji sai ta ba ni izini. Ta ce shekaruna ba mai rage su, amma sauran suna hannuna bayan ikon Allah.

Na ji, na bi. Sigarin da na shekara talatin ina sha, tun ranar ban ƙara taɓa shi ba. Hajara ta rage gishiri da man ja har sai da muka yi faɗa a kan miya sau biyu, kuma duka biyun ita ce da gaskiya. Soyayyen kifi na bar shi, na koma gasasshe. Bayan asuba ina tafiyar ƙasa ta minti arba'in a bakin ruwa. Magani kala huɗu nake sha, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Daga kilo casa'in da shida na sauko saba'in da takwas.

Bayan wata goma na koma asibiti. Aka sake ɗibar jini, aka sake hoton zuciya, aka ɗora ni kan injin tafiya da wayoyi a ƙirji har na yi gumi sharkaf. Likita ta ce haɗarina ya sauka sosai. Ba ta yi mini alkawarin gobe ba, don ta ce wannan ba na likita ba ne, kuma wanda ya taɓa yin ciwon ba ya komawa daidai da wanda bai taɓa ba. Amma ta rubuta da hannunta cewa zan iya komawa aiki bisa sharaɗi uku: tuƙin rana kawai, da mataimaki wanda ya iya inji a kusa da ni, da komawa awo duk wata shida.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Ranar da na dawo tasha da murnata, sakatarenmu ya dube ni sama da ƙasa a gaban kowa ya ce: "Ku dubi wuyanai, jama'a. Wanga mutum ya ƙare, ba shi kai damina." A kan wannan magana kwamiti ya zauna ya cire sunana. Wato ramewar da likita ta sa ni, wadda na sha wahala na same ta, ita aka ɗauka alamar ajali. Alhaji, lokacin da tumbina ya fi na kowa a tasha, kuna tsokanata wai na ji daɗin duniya, ai a lokacin nan ne jijiyar ke toshewa. Da tumbin na faɗi, ba da rama ba. Damina kuwa ta zo ta same ni, ga ni nan.

Ban raina tsoronku ba. Duk wanda ya girma a bakin wannan ruwa ya san abin da yake yi wa jirgi da mutanen cikinsa, kuma amanar rayuka tana wuyanku. Sai dai in tambaya cikin ladabi: a cikinmu duka, wa ya san awon jininsa ban da ni? Akwai masu haki kafin su hau gangaren tasha, akwai masu kunna sigari da wutar sigari, kuma kowannensu yana lodi kowace rana. Ni kaɗai aka auna, ni kaɗai kuma aka hana.

Don haka ina roƙon abu uku. A buɗe takardar nan a karanta a zaman kwamiti, in kuna so ku kai wa duk likitan da kuka yarda da shi ya fassara muku, gani ya kori ji. A mayar da sunana layi bisa sharuɗɗan da ke cikinta, duk ranar da awo ya nuna haɗarina ya hau kuwa, da kaina zan zo in ce a cire ni. Sannan a gayyato ma'aikatan lafiya su auna kowane matuƙi, a fara da ni, kai ma Alhaji ka miƙa hannu don na baya su gani.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ku ikon yin adalci, Ya tsare duk wanda ya hau ruwa.

Ranar kasuwa mai zuwa zan wanke jirgina in tsaya kusa da shi. Ba zan yi lodi ba sai kun kira sunana, don ban taɓa tsallake layi ba. Amma duk fasinjan da ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni, zan miƙa masa takardar ya karanta.

Wassalam.

Naku,
Garba Ɗan'inna, Yelwa.