Allon Gilang

Litinin, 21 ga Nuwamba

Mun bar ƙauyen Baderan, mun fara hawan dutse. Ni, 'yata Ningsih, da Mistari mai ja mana gaba. A bayana allon dutse mai sunan ɗana Gilang, da ƙullin siminti. Ran Juma'a zai cika kwana dubu da rasuwa, dole allon ya tsaya inda yaron ya faɗi kafin ranar. Uwarsa ta sa na rantse.

Ga ni mai facin taya, karatuna iya aji huɗu, gwiwa kamar tsohuwar ƙofa. Na ce wa Ningsih ko yana raye bai yi nauyin nan ba. Ta wuce gaba.

Talata, 22 ga Nuwamba

Taɓo har ƙwauri. Taliya da safe, taliya da rana. Hanjina ya zama igiya.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Filin Cikasur. Ciyawa iya ganinka, ɗawisu na kuka kamar an mutu. To, an mutu ɗin.

Mistari na cikin waɗanda suka sauko da gawar Gilang. Yau ya faɗa min, yana wanke tukunya, bai dube ni ba. Wai yaron ya fara surutai, ya tuɓe riga cikin ruwan sama. Abokansa suka ce aljanu masu dutsen ne suka shige shi. Suka kewaye shi da karatu, suna tofi, awa biyu. Bargo na cikin jaka.

Na ce, "Bai ce musu sanyi yake ji ba?"

"Haba dattijo. A kan dutse? Wa zai faɗa?"

Kowa ya sani: ba a kukan sanyi, ba a kukan gajiya, masu wurin za su ji su ƙara maka. Ni na koya masa. Har da kwaikwayon muryar aljani, yana ɗan shekara bakwai, yana birgima don dariya. Na iya ba da labari, ai shi ke nan abin da na iya.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Rubutun yau sai haƙuri.

Ruwa tun hantsi. Saura tafiyar rabin yini. Na ga Ningsih na tuntuɓe inda babu dutse, leɓenta ya yi shuɗi, ta kasa zuge jakarta. Na ce yaya? Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Sau uku. Ita ma a gabana ta girma.

Mistari ya yi ƙasa da murya, wai mu yi shiru mu matsa, kar mu ambata.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Sanyi nake ji! Ni Sukarjo, sanyi zai kashe ni! Na gaji! Ku ji da kyau, masu dutse!" Mistari ya yi salati, ya ce na haukace. Na ce tun yaushe.

Sai Ningsih ta fashe da kuka. "Baba, ba na jin yatsuna."

Muka kafa tanti a kan hanyar. Busasshen kaya, bargo biyu, shayi mai sukari cokali cokali. Na rungume ta kamar ranar da aka haife ta. Sai bayan la'asar haƙoranta suka daina kaɗawa.

Juma'a, 25 ga Nuwamba

Kwana dubu. Mun juya. Na jingina allon a gindin wata bishiya, simintin ya sha ruwa ya zama dutse da kansa. Na yi masa fatiha daga nesa. Yi haƙuri, ɗana, ubanka bai taɓa kai aiki ƙarshe ba.

Talata, 29 ga Nuwamba

Gida. Uwarsu ba ta yi min magana ba kwana biyu, ta ajiye shinkafa ta juya. Tana da gaskiya, na rantse.

Zafi a garin nan kamar bakin murhu, taya har narkewa take. Ningsih ta kawo min kofi shago, gumi na zuba a wuyanta. Ta ce, "Baba, karo na huɗu ke nan yau kana tambayata ko ina jin sanyi."

Na ce mata wasa nake.