Famfon da Aka Kai Yamai

Kwatano, ranar Lahadi

Yaya Ajuma,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya Inna da yaranki? Ni lafiya lau nake. Gyaran injuna yana ciyar da ni, mu shida ne a ɗaki, amma an saba.

Kin tambaye ni famfon da na ƙera, mai jan ruwan kogi da hasken rana. Tun da mutanen gwamnati suka ɗauke shi daga gonar shinkafar Baba a Tunuga, wai za a nuna shi a Yamai a tallafa mini in ƙera ɗari, ban sake ganinsa ba. Sau huɗu ina aika dosiye, wato takardun neman tallafin. Duk ofishin da na kira, sai a ce an canza wanda ya san maganar. Takardar yabo kawai na samu.

Ki ce wa Baba ya daina jira, ya yi hayar injin mai kafin shuka ta bushe.

Maigidana a nan yana son zanen famfon, kuma ina jin zan ba shi. In irinsa ya shigo kasuwar Gaya da sunan wani, kada ki bari Baba ya gani. Zai gane aikina.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Harun