Batirin da Kawu ya huda

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Abijan? Yaya Hadiza da ɗiya? Mu nan Tabotaki lafiya lau, sai dai mun auna arziki.

Batirin ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ka bar mini na awon gonaki ya tsufa. Kullum ina rubuta tashinsa a littafina: daga minti ashirin ya dawo takwas, sannan batirin ya kumbura. Na ga haka, amma na yi ta cewa ko ni ne ban iya sharje shi da wutar lantarki ba.

Ran Talata Kawu Idi, mai yi wa shanu magani, ya latsa shi ya ce, «Iska ce, ɗana. Haka cikin saniya ke yi.» Ban iya musa wa babba ba. Yana soka basilla, wuta ta yi tsiri, taku uku daga rumbun hatsinmu! Da rairayi muka kashe ta. Hatsi ya tsira, yatsun Kawu biyu sun ƙone.

Sauran batura biyun da ka bar mini na sa su cikin tulu bayan gari. Ka aiko da sababbi, waɗannan ba ni ƙara taɓa su.

A sa Kawu cikin addu'a. Gai da Hadiza.

Ƙanenka,
Mamman